Rage impo ko ƙara impo: wanne ne zai kawo aikin yi a Arewacin Kamaru?

Ƙanina, na ga tambayarka, na bari sai da na samu natsuwa don ba abin amsawa a tsaitsaye bane. Kace ka gama lisans ɗinka, wato digirin farko, a jami'ar Marwa, aiki ya ƙi samuwa kana tuƙa moto, wato achaba, a Garwa, kuma kullum a majalisarku gardamar ɗaya ce: wasu na cewa in gwamnati ta rage impo, wato haraji, kamfanoni zasu zo a samu aiki, wasu na cewa a'a ai gwamnatin ce bata da kuɗi, sai ta ƙara karɓa kafin ta iya ɗaukar mutane. Kana son sanin waye da gaskiya. Sana'ata kenan, riƙe wa 'yan kasuwa lissafi da cika musu takardun haraji, toh bari in faɗa maka abinda nake gani a littattafansu.

Duka ɓangarorin biyu sun bar jaki suna dukan taiki. Abinda ke hana ɗan kasuwar nan ɗaukar ma'aikaci ba kason da aka rubuta a doka bane kawai, tsoron girma ne. A ƙasar nan da zarar ka ɗan tasa, ka sa allo a ƙofar shago, ka ɗauki yara biyar, ido ya dawo kanka kenan, kuma baka san nawa za'a nema a hannunka ba sai ranar da aka zo. Mutanen da ya kamata su ɗauke ku aiki da gangan suke zama ƙanana.

Amma tukuna, me muke nufi da rashin aikin? A binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa tayi a 2010, marasa aiki kashi 3.8 ne kacal cikin ɗari, wanda in ka karanta sai kace ai ba matsala. Dalili shine duk wanda yayi aikin awa ɗaya a sati ana lissafa shi cikin masu aiki, kai ma da moton ka a cikinsu kake. Wannan binciken dai ya nuna sama da kashi 70 aikin da suke yi bai ishe su ba, ko lokacin yayi kaɗan ko kuɗin bai kai ya kawo ba, kuma kusan kashi 90 a sana'ar da ba rajista suke. Talaka baya iya zaman banza, dole ya fita. A 2014 talauci a duk ƙasa kashi 37.5 ne, amma a jihar Arewa kusan 68, a Arewa Mai Nisa ya haura 74. Kaga kenan ciwonmu ba na zaman gida bane, na aikin da baya riƙe mutum ne, ba albashi tsayayye, ba fansho, ranar da ka kwanta ciwo ranar tukunya bata hau wuta ba.

Masu cewa a ƙara karɓa gwamnati ta ɗauki mutane, ba zan daɗe a kansu ba. A 2011 an buɗe ɗaukar matasa 25,000 aikin gwamnati, waɗanda suka kai takarda sun kai wajen 300,000, kuma tun lokacin jami'o'i sai ƙaruwa suke, ga ta Garwa ma an buɗe a 2022. Ba baitulmalin da zai iya shanye wannan. Ka dubi maƙwabtanmu na Cadi, da kuɗin fetur ya fara shigowa a 2003 an ɗauki ma'aikata an ƙara albashi, da farashin ya faɗi a 2014 sai ga matakan tsuke bakin aljihu guda 16 a 2016, aka zaftare alawus, yajin aiki ya ƙi ƙarewa, kuma duk mai shago a Kusuri ya ji a jikinsa domin ma'aikacin Injamena da ke tsallako gada yayi sayayya ya daina zuwa. Amma fa suna da gaskiya a abu ɗaya: abinda Kamaru ke tarawa na haraji bai kai kashi 15 na arzikin da ake samarwa a shekara ba, kaɗan ne ga ƙasar da ke bukatar hanya da wuta da asibiti. Matsalar, wannan kaɗan ɗin a wuyan mutane ƙalilan yake, su ake komawa kullum.

Su kuma masu cewa a rage, ai an rage, ba sau ɗaya ba. Harajin ribar kamfani yanzu kashi 33 ne, kamfanin da cinikinsa bai wuce sefa biliyan 3 a shekara ba kuwa an sauko masa zuwa 27.5 tun 2023. A Afrilun 2013 anyi dokar jawo masu zuba jari, wadda a lokacin take yafe maka abubuwa da yawa shekara 5 lokacin kafa masana'anta, sannan har shekara 10 bayan ka fara aiki. A Satumban 2019 aka ayyana Arewa Mai Nisa, tare da jihohi biyu na masu turancin Ingilishi, a matsayin yankin da tattalin arzikinsa ya durƙushe, duk wanda ya kafa sabon kamfani a can ya ɗauki aƙalla mutum 10 ana yafe masa haraji na shekaru. A takarda wlh abin sha'awa ne. To kai da kayi karatu a Marwa, masana'anta nawa ka gani sun tashi a Mora ko Mokolo saboda wannan?

Dalili baya da wuyar ganewa. Harajin riba sai an ci riba ake biyansa, mai jari kuwa tambayarsa ta farko ita ce zan ci ribar ma? Zai tambayi wuta, a ce masa madatsar Lagdo da aka gina don megawat 72 ita ce ke riƙe da jihohin Arewa uku, kuma in ruwa yayi ƙasa abinda take bayarwa baya kaiwa ko kusa, tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun rage zafi amma basu kashe matsalar ba. Zai tambayi hanya, a ce masa jirgin ƙasa a Ngaundare ya tsaya tun 1974, daga nan sai tirela, kuma aikin hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kusuri tun da aka sace 'yan Sin guda 10 a Waza a Mayun 2014 yake tafiyar hawainiya. Zai tambayi kasuwa, a ce masa kasuwannin kan iyakar Najeriya irin su Amchide da Banki da Fotokol da suke ciyar da dubban mutane rikicin Boko Haram ya rufe su shekara da shekaru. Mutumin da zai ƙona gazuwal, wato dizal, a janareta rabin yini, yafe masa kashi 33 na ribar da babu ita bai amfane shi da komi ba. Waɗanda suka fi cin moriyar yafiyar nan manyan kamfanoni ne na Duwala da Yawunde masu lauyoyi da masu bin takarda, kuma da yawansu ko ba yafiya dama zasu zuba jarin. Kuɗin da gwamnati ta bar musu, a wani wajen zata nemo shi, kuma ka san wajen waye.

Yanzu mu zo inda nake so ka tsaya ka fahimta sosai, don nan ne aikin yake ɓacewa.

Waye ke ɗaukar mutane a Garwa da Marwa da Ngaundare? In ka cire kamfanin auduga na Sodecoton da kamfanin siminti na Figil da gwamnati, sauran duk Alhazan kasuwa ne da masu garejin gyaran mota da masu walda da teloli da masu injin niƙa da masu burodi da masu tireloli. Mutum mai yara uku, mai yara takwas. In kowannensu ya ƙara mutum biyu, an wuce duk abinda wata masana'antar baƙi zata kawo. Abubuwa uku ne ke tare su.

Na farko harajin da ake ɗorawa kan ciniki ba kan riba ba. Wanda cinikinsa ya kai sefa miliyan 50 a shekara ya shiga sahun manya, kuma a nan akwai mafi ƙarancin abinda zaka biya, kashi 2.2 na duk abinda ka sayar, ka ci riba ko ka faɗi. A ce ɗan sari ne mai sayar da sabulu da taliya da madara, ya juya miliyan 100 a shekara, ribar da ke kan kaya kashi 4, wato miliyan 4. Miliyan 2 da dubu 200 sun tafi tun kafin ya biya hayar shago, kafin albashin yara, kafin kuɗin dako. Wannan cin iri ne ba cin amfanin gona ba. Me kake tsammani zai yi? Zai raba shagon gida uku, ɗaya da sunansa, ɗaya da sunan ƙaninsa, ɗaya da sunan babban ɗansa, kowanne ya tsaya ƙasa da layin. Kasuwanci ɗaya mai ƙarfi da zai iya zuwa banki ya ɗauki bashi ya sayi mota ya ɗauki mai lissafi irinka, ya koma ƙananan shaguna uku da ba wanda zai iya komi a cikinsu.

Na biyu kuɗin ɗaukar ma'aikaci a hukumance. Tun Maris 2023 mafi ƙarancin albashi a kamfanoni masu zaman kansu sefa 60,000 ne, na aikin gona 45,000. Akan wannan mai gida zai biya CNPS, wato asusun inshorar ma'aikata, kashi 4.2 na fansho, kashi 7 na alawus ɗin iyali, aƙalla 1.75 na haɗarin aiki, sannan 1.5 na asusun gidaje da kashi 1 na asusun samar da aiki wato FNE. Jimla ya haura kashi 15, kusan sefa 9,300 akan albashin 60,000, shi ma ma'aikacin a cire masa nasa 4.2. Ni dai ban ɗauki wannan a matsayin zalunci ba, fansho haƙƙin ma'aikaci ne, kuma na sha faɗa wa masu gida su ji tsoron Allah akan yaran da suka shekara goma suna musu bauta ba takarda. Amma gaskiya ita ce ba sefa 9,300 ɗin ke basu tsoro ba. Tsoronsu shine ranar da suka rubuta ma'aikaci ɗaya sun buɗe ƙofa, za'a zo a tambayi sauran, a tambayi na shekarun baya, a lissafo tara.

Na uku shine mafi muni, harajin da ba'a rubuta a ko'ina ba. Akwai wani bawan Allah da nake yiwa lissafi, yana da injin cashe shinkafa da na matse man gyaɗa a wani gari da ba sai na faɗa ba. Ya tara kuɗin inji na uku, har an kawo masa farashi daga Kano, sai ya fasa. Na tambaye shi dalili, ya jawo wani tsohon littafin makaranta daga ƙarƙashin buhu, shafi shafi ya rubuta da ajami duk wanda ya zo ya karɓi wani abu: wannan yace na tsafta, wannan yace na awo, wannan na allon ƙofa, wannan na hayaƙi, wannan yace takardarka ta bara ce a rufe wurin, sai an sasanta. A gefen kowane layi ya sa alama in an bashi rasit, kuma layukan da ba alama sun fi yawa nesa ba kusa ba. Yace min Malam, mai inji biyu ake yiwa haka, in na zama mai uku fa? Kuɗin injin ya sayi shanu dasu ya kai ruga. Injin nan da aƙalla samari huɗu zasu ci abinci a jikinsa, shanun kuwa yaro ɗaya ke kiwonsu.

Haka abin yake a hanya. Ka tambayi duk direban da ke ɗaukar albasa daga Marwa zuwa Duwala, kuɗin shinge daban yake ware shi a aljihun gaba tun kafin ya tada mota, kuma a ƙarshe manomi ne ke biya, domin ɗan kasuwa zai cire shi daga farashin buhu tun a gona. Wannan kuɗin baya shiga baitulmali, baya gina aji ko ɗaya, kuma in gwamnati ta rage impo zuwa sifiri gobe shi yana nan yadda yake. Shi yasa in naji ana gardamar kashi 33 ko kashi 25 nake jin takaici, ana magana akan abinda yawancin mutanenmu basu taɓa biya ba, an bar wanda suke biya kullum.

Wani gefen da ba'a cika kula dashi ba shine duwan, wato kwastam, domin abinda ka yafe wa kayan waje kai tsaye yake taɓa aikin cikin gida. Bayan tarzomar tsadar rayuwa ta Fabrairun 2008 gwamnati ta cire kuɗin duwan akan shinkafa da kifi da alkama, sai a 2016 aka maido da kashi 5 akan shinkafa. Niyyar mai kyau ce, mutane na jin yunwa. Amma shinkafar Asiya ta cika kasuwa, wata ma ta bi ta kan iyaka zuwa Najeriya, manomin Yagwa da Maga da ke noma a filayen SEMRY, kamfanin noman shinkafa na gwamnati, aka barshi yana gasa da ita ba isassun injinan cashewa, har ya zama 'yan kasuwar Najeriya ke zuwa su kwashe shanshera su cashe a can. Aikin cashewar da buhunan da dakon duk sun tsallaka. Auduga ma haka, muna noma tan dubu ɗari uku da wani abu a shekara mai kyau, kusan duka a fitar da ita ɗanya, masaƙar CICAM da ke nan Garwa kuwa tana fama da numfashi, atamfar waje da gwanjo sun cinye kasuwar. In ana son haraji ya haifar da aiki, nan ne wurin: a sauƙaƙa wa injin da zai shigo, a sauƙaƙa wa wanda zai sarrafa, a daina sauƙaƙa wa abinda muke iya yi da hannunmu.

Kuma kar kace kai baka biyan haraji don baka da kamfani. TVA, wato harajin da ake ɗorawa kan kayan da ka saya, kashi 19.25 ne, tana cikin katin waya da kayan gyaran moton ka. Tun Janairun 2022 ana cire kashi 0.2 in ka tura kuɗi ta waya ko ka cire. Litar fetur a gidan mai ta tashi daga 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, ta koma 840 a Fabrairun 2024 saboda ana janye tallafi, zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake shigowa dashi daga Najeriya ta bayan fage, da muke fakewa da ita kuwa ta daina araha tun da Tinubu ya cire tallafin Najeriya a Mayun 2023. Duk sefar da ta tafi nan, an rage ta ne daga abinda za'a kashe wajen tela da mai nama da magini. Ƙara matsa wa mai saye a lokacin da kasuwa ta mutu yana kashe aiki, ko da ba'a taɓa kamfani ko ɗaya ba.

Da za'a tambaye ni, abinda zan fara nema ba ragi bane, tabbas ne. Ƙaramin ɗan kasuwa ya san tun watan Janairu nawa zai biya a shekara, ya biya a waje ɗaya ta waya ko ta banki, a bashi takarda ɗaya, kuma duk wanda ya zo ƙofarsa bayan wannan ya nemi ko dala ya zama laifi ne mai hukunci. Dokar harajin ƙananan hukumomi ta Disamban 2024 ta ɗan nufi wajen, ta kawo haraji guda da ake kira IGS ga masu cinikin da bai kai miliyan 50 ba, a madadin tsoffin tsare-tsare biyu da ake karɓar harajinsu dasu a da. Ra'ayin yayi, amma ni ba da takarda zan auna shi ba, da littafin mutumin nan mai inji zan auna, in layukan da ba rasit sun ragu toh an yi aiki. Sai a gyara tsallen da ke tsakanin ƙarami da babba ya zama hawa-hawa, kar mutum ya ƙara cinikin miliyan ɗaya ya tsinci kansa a wata duniyar. Wanda ya fito da kansa yace ga ma'aikatana ina son in rubuta su, a yafe masa na baya, a fara daga yau. Yafiyar manyan kamfanoni kuwa a ɗaure ta da lissafin CNPS, ka nuna mutum nawa kake biya wa duk wata sannan a rage maka, ba alƙawarin da ka rubuta ranar sa hannu ba.

Akwai ma wata dama a dokar haraji da masu gida da yawa basu san da ita ba, kai kuma ta shafe ka: kamfanin da ya ɗauki matashi mai takardar karatu ɗan ƙasa da shekara 35 a aikinsa na farko ana ɗauke masa harajin da ke kan albashin na wasu shekaru, banda kuɗin CNPS. In kaje neman aiki wajen mai kamfanin da ke da rajista, ka faɗa masa ya tambayi mai lissafinsa. In kuma kanka zaka kafa, ka nemi lambar NIU ɗinka, wato lambar shaidar mai biyan haraji, ka shiga ɗaya daga cibiyoyin CGA masu taimaka wa ƙananan 'yan kasuwa da lissafi, domin membobinsu na samun rangwame kuma ba'a cika yi musu barazanar banza ba. Jarin buɗe SARL, wato ƙaramin kamfani mai rajista, ma an sauko dashi zuwa sefa 100,000 tun 2016. Kuma don Allah duk abinda ka biya ka nemi rasit, ko na sefa 500 ne, ka adana.

Sai maganar inda kuɗin ke komawa, wadda mu 'yan Arewa muka fi sakaci da ita. Dokar Disamban 2019 tace aƙalla kashi 15 na kuɗin shigar gwamnati a miƙa wa jihohi da ƙananan hukumomi, abinda ake bayarwa bai kai nan ba. Kashi 10 ɗin nan da ake ɗorawa akan TVA da harajin riba, shi yasa kake ganin 19.25 maimakon 17.5, na ƙananan hukumomi ne, ana raba shi ta FEICOM, asusun tallafa wa ƙananan hukumomi. Kuɗin rumfa da tikitin kasuwa da na tashar moto duk meri, wato ofishin ƙaramar hukuma, suke shiga. Kansilolin da kuka zaɓa suna zama su amince da kasafin meri duk shekara, kuma ɗan gari na da damar neman ya gani. Ku da kuke da ƙungiyar masu moto, kun fi kowa yawa a garin nan, ku wakilta mutum uku masu karatu irinka suje su nemi kasafin bana, su duba nawa aka tara daga kasuwa da tasha, nawa aka rubuta za'a kashe akan magudanar ruwa da fitilun kasuwa da hanyar unguwa, sannan ku kai takardar majalisarku ku karanta wa kowa.